Ranar Larabar da Aka Sace

Da safiyar Alhamis Sufeto yana zaune a ofishinsa yana fama da shayin da ya riga ya huce, sai ga Sajan ya leƙo yana sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, akwai wani mutum a bakin kanta, wai an yi musu sata. Na yi na yi in ɗauki bayaninsa, kaina ya ɗaure. Gara ka ji da kunnenka."

Sufeto ya daɗe a aikin nan. Ya kama ɓarayin mota, ya kama 'yan damfara, amma wayar da ke aljihunsa ma 'yarsa ce ke saita masa. Yaran ofis suna kiransa Sannu-Sannu a bayan idonsa, don ba ya gaggawa, kuma bai taɓa jin kunyar cewa bai gane ba.

Mutumin ya shigo, ga tumbi ga kwat, yana share gumi. Manajan wani ɗakin gwajin jini ne mai zaman kansa.

"Yallaɓai, an sace mana aikin jiya gaba ɗaya. Mun buɗe kwamfuta yau da safe, babu ranar Laraba. Talata tana nan, Litinin tana nan, Laraba ce kawai ta yi ɓatan dabo. Mutane sun cika mana ofis suna jiran sakamakonsu."

"An ɗauke kwamfutar ne?"

"Tana nan."

"An fasa ƙofa?"

"Ba a fasa ba. Amma na san ɓarauniyar. Wata yarinya ce da muka ɗauka ta haɗa mana sabon wurin ajiya. Na sa ta zauna, na hana ta taɓa komai. Ku zo ku tafi da ita kawai."

Sufeto ya dubi Sajan, Sajan ya dubi silin. Suka ɗauki huluna suka bi shi.

Ɗakin jira ya cika maƙil. Tsofaffi, masu goyo, wani dogo da auduga a gwiwar hannu tun jiya, kowa fuska a murtuƙe. Manaja ya ratsa da su da sauri, ya buɗe wani ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda. Sanyi ya buge su. Na'urori suna gurnani a cikin wata doguwar kabad ta ƙarfe, fitilu ƙanana suna ta ƙiftawa.

A kan kujerar roba kusa da ƙofa wata budurwa ce zaune, ta haɗe hannuwa a cinya, idanunta sun yi ja. Ita ce Injiniya. Wannan ne babban aikinta na farko tun da ta gama karatu, kuma kowa a ɗakin ya san in ta fita daga nan da ankwa, ba wanda zai sake ba ta ko gyaran waya.

"'Yata, yi mini bayani kamar kina yi wa kakanki," in ji Sufeto. "Me ke cikin kabad ɗin nan?"

Ta miƙe ta nuna wata na'ura mai faɗi. "Wannan ƙarfe ɗaya ne, Yallaɓai, amma kwamfutoci uku ne a cikinsa."

"Buɗe in gani."

"Ba a ganinsu. Ba su da jiki. Ita babbar ce take raba ƙarfinta, ta zama uku. Ɗaya daga ciki ita ke riƙe da rumbun bayanai, wato sunan kowane mara lafiya da sakamakon gwajinsa."

Sufeto ya leƙa ta gefe, ya leƙa ta ƙasa. Ƙarfe ɗaya dai ya gani. "Ban gane ba, amma ci gaba."

"Kullum da safe na'urar tana ɗaukar hoton rumbun kamar yadda yake a lokacin, ta adana. Ba hoton kallo ba, kwafi ne na komai. In wani abu ya lalace, sai a mayar da rumbun kan hoton. Jiya bayan an tashi, wani ya mayar da shi kan hoton safiyar Laraba. Duk abin da aka shigar bayan nan ya tafi."

"Wato an mayar da ku baya."

"Haka ne."

"Kuma da kalmar sirrinta aka yi," Manaja ya tsoma baki. "Na'urar ta nuna. Sannan dubi can."

Ya nuna wani akwati baƙi a ƙasan kabad, sabo fil, ledarsa ma ba a gama ɓarewa ba. Ramuka shida ne a jere a gabansa. Biyar suna da faifai, kowanne da koriyar fitila. Ɗaya a wangale yake, fitilarsa ja.

"Wannan shi ne aikin da aka ɗauke ta ta yi, wurin ajiyar hotunan. Ta goge mana Laraba, ta zare faifai ta ɓoye."

Sufeto ya tsuguna, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya ƙirga da yatsa. Daga hagu ramin shi ne na huɗu, daga dama na uku. Bai san amfanin ƙirgar ba, ya dai ƙirga.

"Wa ya san kalmar sirrinki?"

"Ba kowa."

"Kin taɓa nuna wa wani yadda ake mayar da rumbu baya?"

"A'a."

Ta faɗa da sauri, tana kallon takalminta. Sufeto bai san komai game da kwamfuta mara jiki ba, amma ƙarya kam ya san kamanninta tun kafin a haifi yarinyar nan.

Ya sa ta koma ta zauna, ya juya ga Manaja. "Su wa ke da makullin ɗakin nan?"

"Ni da ita. Akwai na ko-ta-kwana a rataye a ɗakin gwaji, amma ba mai taɓa shi. Ni kuwa ban taɓa shigowa nan ba sai yau. Me zan zo yi?"

Sajan, wanda tun ɗazu yake zagaya kabad yana leƙe-leƙe, ya zura hannu bayanta ya fito da kwalaben lemo biyu, sun yi sanyi ƙarara.

"Ranka ya daɗe, ko kwamfutocin nan marasa jiki suna shan lemo?"

Manaja ya shiga kame-kame. Wai firjin ofishinsa ne ya lalace, wai likita ya hana shi zaƙi, matarsa kuma tana da 'yan rahoto a cikin ma'aikata. Abin kunya dai, babban mutum da shi.

"Lemonka bai dame ni ba," in ji Sufeto. "Tunda kana shigowa, me ka gani?"

"Ba komai. Sai dai shekaranjiya Talata na same ta da Baba Gwaji, babban mai gwajinmu, a gaban allon kwamfutar nan, tana ta nuna masa abubuwa suna dariya. Ban ɗauke shi komai ba, ai kawunta ne. Shi ya kawo ta, shi ya tsaya mata har muka ba ta aikin."

Injiniya ta runtse ido.

Sufeto ya aiki Sajan wurin maigadi, shi kuma ya ja kujera ya zauna kusa da ita. Kansa ya yi nauyi. Ga sata ba a fasa ƙofa ba, ga kayan sata da ba su da jiki, ga wadda ake zargi tana ƙarya amma ba ta yi kama da mai kare kanta ba.

"Bari in yi miki tambayar jahilai. Faifan nan da aka zare, me ke cikinsa?"

"Ba wani abu da za a iya karantawa shi kaɗai."

"Ban gane ba."

"Akwatin ba ya zuba abu a faifai ɗaya. Kowane hoto yanka shi yake yi ƙanana, ya watsa a duka shidan, tare da ƙarin lissafi. In ɗaya ya mutu, sauran biyar suna iya haɗa abin da ya tafi da shi."

"To wanda ya zare ɗaya, me ya rage mana?"

A hankali ta ce, "Ba komai."

Manaja ya zabura. "Ba komai kamar yaya?"

"Tsohon tsari ne ke ɗaukar hoto sau ɗaya da safe. Sabon akwatin duk awa yake ɗauka, tun ranar Talata da na gama haɗa shi. Laraba tana ciki."

"Shi ne kika bar ni ina ta hauka tun safe?"

"Kai ka ce in rufe bakina, kada in taɓa komai."

Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce duk gaskiyar ba, kuma Sufeto ya lura. Wanda ake shirin kai wa kurkuku, in yana da mafita a hannu, ihu yake yi da ita ko an toshe masa baki. Wannan kuwa zama ta yi ta naɗe hannu.

Abu ɗaya dai ya fito fili. Wadda ta haɗa akwatin da hannunta ba za ta zare faifai ɗaya don ɓoye wani abu ba, tunda ta san aikin banza ne. Wanda ya zare bai san akwatin ba. Amma me ya sa ya tsallake na bakin layi ya zaɓi wancan? Nan ne kan Sufeto ya sake ɗaurewa.

Sajan ya dawo. "Yallaɓai, maigadi ya ce dokar gidan ce a caje jakar kowa a ƙofa, har ta Manaja, saboda kayan gwaji. Jiya ya caje kowa, ba wanda ya fita da ƙarfe. Ya ce Baba Gwaji ne na ƙarshen fita, kamar kullum."

"Wato faifan yana cikin ginin nan."

Suka nufi ɗakin gwaji. Wuri ne fari tas, yana warin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wani dattijo siriri mai furfura, cikin farar riga, yana zaune gaban madubin ƙara girma. Shi ne shugaban masu gwaji, kusan duk ma'aikatan wurin shi ya koya musu aiki, shi ya sa suke ce masa Baba Gwaji. Ya miƙe ya gaishe su cikin ladabi.

"Baba, yarinyar nan 'yarka ce?"

"'Yar ƙanwata ce, Allah ya ji ƙanta. A hannuna ta tashi. Yarinya ce mai hankali, Sufeto. In ma kuskure ta yi, a yi mata a hankali."

"Ta nuna maka aikinta ranar Talata?"

"Ta nuna mini, amma ni ina na san waɗannan abubuwan? Kallo kawai na yi don ta ji daɗi."

"Jiya ka shiga ɗakin na'urorin?"

"Me zai kai ni?"

Sufeto ya miƙa masa katin shaidarsa, wai ko zai so ya tabbatar da wanda yake magana da shi. Dattijon ya karɓa da hannun hagu, ya kai shi nesa da fuska, ya dawo da shi kusa har ya kusa taɓa hanci, sannan ya mayar yana murmushi. Katin a juye yake tun da aka ba shi, bai kuwa juya shi ba.

Sufeto ya mayar da katin aljihu. Ya shiga zagaya ɗakin, hannuwa a baya, shi kansa bai san abin da yake nema ba. Ya tsaya gaban wani babban firji mai ƙofar gilashi. A ciki akwai tire shida a jere, kowanne cike da ƙananan kwalaben jini.

Wata ma'aikaciya ta zo za ta saka kwalba, ta kai hannu hagu, ta ja tsaki, ta dawo da shi dama.

"Lafiya?" in ji Sufeto.

"Tsarin Baba ne, Yallaɓai. Kowace rana da tirenta, Litinin zuwa Asabar. Amma shi bahago ne, daga dama yake farawa. Shekarata nawa a nan, har yau sai na rikice."

Sufeto ya ɗaga yatsa ya fara daga dama. Litinin. Talata. Laraba. Yatsan ya tsaya a kan na uku.

Ya daɗe a tsaye a wurin. Tun safe ake yi masa bayanin abubuwan da ba ya gani, sai yanzu ya samu abu ɗaya da ya gane sarai, kuma bai ji daɗin ganewar ba ko kaɗan.

"Sajan, kira mini Manaja da yarinyar. Baba, a ba ni safar hannu."

Da suka taru, ya buɗe firjin ya ɗaga tiren Laraba a hankali. A ƙarƙashinsa akwai wani abu naɗe cikin leda. Ya warware. Faifai ne, ya yi raɓa.

Kowa ya zuba wa faifan ido.

"Ni ban san kwamfuta ba," in ji Sufeto. "Amma wanda ya zare wannan ma bai san ta ba. Ya ga ramuka shida, sai ya ɗauka kowace rana da raminta, tunda haka ya saba ajiye kayansa shekara da shekaru. Ya ƙirga Laraba daga dama. A ginin nan mutum ɗaya ne ke ƙirga kwanaki daga dama. Bai iya fita da shi ba saboda maigadi, sai ya ajiye kayan Laraba a wurin Laraba."

Baba Gwaji ya laluba kujera ya zauna. 

"Kawu," in ji Injiniya. 

"Idona ne," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ya fi shekara yana mutuwa, ban faɗa wa kowa ba. Jiya na musanya sakamakon mutum biyu. Na rubuta wa mai ciwo lafiya, na rubuta wa mai lafiya ciwo. Sai da yamma na gano. In na gyara a kwamfuta, za ta nuna sunana da abin da na gyara, a binciki idona, a ce in ajiye aiki. Ni kuwa ban san komai ba a duniya sai aikin nan."

"Takardun mutanen biyu fa?"

"Ba su karɓa ba. Na yaga su. Na ce in Laraba ta ɓace, za a sake wa kowa gwaji, shi ke nan magana ta mutu."

"Kalmar sirrin fa?"

 Injiniya ce ta amsa, hawaye yana bin kumatunta. "Ni na faɗa masa. Ina nuna masa aikina, na ce, Kawu, ka san me na sa? Sunan da Inna ke kirana da shi ina ƙarama. Mu biyu kaɗai muka rage da muka san sunan."

"Shi ya sa tun safe kika yi shiru."

"Tun da aka ce da kalmata aka shiga na sani. Na yi ta jira ya zo ya faɗa da bakinsa."

Wannan magana ita ta karya dattijon. Ya rufe fuska da tafukansa.

Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai. Kuskuren ido bai dame shi ba, tsufa ne, yana jiran kowa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne zaman da yarinyar nan ta yi a kujerar roba tun safe, da kuma dattijon da ya dube shi ido cikin ido ya ce a yi mata a hankali.

"Baba, ka ji an kira 'yan sanda. Ka san ita za a kama. Ɗakinka da inda take zaune ba nisa."

"Na taso sau biyu. Ƙafata ta ƙi."

"To yanzu sai ta yarda. Tashi mu je."

Sajan ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai, ya mayar. Manaja, wanda ɗazu bakinsa bai rufuwa, ya tsaya yana murza maɓallin kwat, ya ce da Injiniya wai ta yi haƙuri, wai ai shi ma ruɗewa ya yi. Ba ta ko dube shi ba.

"Za ki iya dawo da Larabar?" Sufeto ya tambaye ta.

"Zan iya. Amma in ta dawo, da kuskurensa za ta dawo, da sunansa a kai."

"Na sani. Mutanen da ke ɗakin jira fa?"

Ta share fuska da gefen mayafinta. "Zan dawo da ita. A ware sakamakon mutum biyun nan, a sake musu gwaji."

Baba Gwaji ya cire farar rigarsa, ya ninke ta da kyau, ya ajiye a kan kujera. A bakin ƙofa ya tsaya ya waiwayo, ya kira ta da sunan nan, wanda rabonta da ta ji shi a bakin wani tun rasuwar mahaifiyarta. Ta tsaya cak, ta ba shi baya, ba ta amsa ba. Sajan ya kama shi a gwiwar hannu, suka bi ta ƙofar baya don kada a ratsa da shi cikin jama'a.

Kafin ya tafi, Sufeto ya leƙa ɗan ɗakin mai sanyi. Injiniya tana zaune gaban allo. Wani koren layi yana tafiya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, da ya kai ƙarshe sai aka ji hayaniya daga ɗakin jira, ma'aikata sun fara kiran sunaye.

"Shi ke nan?" ya tambaya.

"Shi ke nan. Saura in canza kalmar sirri."

Wani ɗan farin gurbi ya buɗe a kan allon yana jiran sabuwar kalma. Ta ɗora yatsu a kan maɓallai. Sufeto ya jira kaɗan, ya ga ba ta rubuta komai ba, sai ya ja mata ƙofar a hankali ya bi bayan Sajan.